Na binne yakon kamar dankali ya ruɓe, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Maigidana ya dawo daga Guangzhou ta ƙasar Sin da wani abu mai kama da dankalin Hausa, ana fere shi a ci ɗanye, ga ruwa ga zaƙi. Ya ce sunansa yakon. Na ɗebi kaɗan na binne a lambun bayan gida a nan Jos, na yi ta ban-ruwa fiye da wata guda, ko tsiro babu. Da na tona sai na tarar duk sun ruɓe. Ƙasarmu ce ba ta karɓe shi ba, ko akwai yadda ake shuka shi? Sannan an ce mana maganin ciwon suga ne, ga shi surukata tana fama da shi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba Mama lafiya. Ki daina zargin ƙasar lambunki, hannunki ma ba shi da laifi. Ko a tsaunukan Peru, inda nan ne gidan wannan shuka, duk wanda ya binne abin da kika binne ruɓaɓɓe zai tono. Abin da Alhaji ya kawo miki na ci ne, irin shukawa daban yake.

Idan aka tumɓuke gindin yakon da ya ƙosa, abu biyu ake gani a ƙarƙashin ƙasa. Akwai manyan saiwoyi masu kumburi da suka kewaye gindin, wasu tsawon tafin hannu, wasu har sun ɗara haka, fatarsu ruwan ƙasa, sumul. Su ne kika ci. A cikinsu shukar take tara ruwa da zaƙi, amma ki juya ɗaya ki duba daga kai har wutsiya, ba za ki ga ido ko ɗaya ba. Abin da ba shi da ido kuwa ba ya toho, ko shekara zai yi a ƙasa. Sai kuma na biyun, wani dunƙule a tsakiya, daidai inda kara ya shiga ƙasa, mai ƙulli-ƙulli irin na ɗanyar citta, launinsa ja-ja zuwa shunayya, da ƙananan idanu sun turo kai ta ko'ina a jikinsa. Wannan dunƙulen shi ne iri. Yana da tauri da zare-zare, ba a cinsa, shi ya sa manomi yake yanke saiwoyin ya kai kasuwa, dunƙulen kuma ya bar wa kansa. Mai saye a kasuwa ba ya taɓa ganinsa.

Kamannin dankali ne ya ruɗe ki, kuma ba ke kaɗai ba. Dankalin Turawa yana da idanu, na Hausa ma in ya daɗe a ajiye sai ki ga ya fara tsiro. Yakon halin rogo gare shi: kowa ya san ba a binne saiwar rogo a jira toho, kara ake sara a dasa. Shi ma yakon ana iya dasa karansa, zan zo kan wannan.

Kada kuma wani ya sayar miki da 'ya'yan iri a ƙunshin leda ta intanet. Shukar tana fure, ƙananan furanni ruwan ɗorawa a saman kara, domin danginsu ɗaya da sanfulawa da latas da shuwakarmu. Sai dai da wuya furen ya ba da ƙwaya mai rai, wadda ta fito ma akasari ba ta tsira. Masu bincike ne suke wahala da ƙwayar don samar da sababbin nau'o'i. Manoma tun kaka da kakanni da dunƙulen gindi suke yaɗa shi.

Asalinsa gangaren tsaunukan Andes ne a Kudancin Amurka, daga Kolombiya, a bi ta Ekwado da Peru da Bolibiya har arewacin Ajantina. Masana tsirrai suna kiransa Smallanthus sonchifolius. Can ma ba abincin ƙoshi ba ne, kayan marmari ne: 'yan gindi kaɗan a gefen gonar masara ko a bayan ɗaki, mai noma ya tona ya fere ya kashe ƙishirwa. Wani limamin Kirista ɗan Sifen, Bernabé Cobo, ya rubuta a 1653 cewa ana cinsa ɗanye, yana ƙara zaƙi in an shanya shi a rana, kuma ana ɗaukarsa a jirgin ruwa don yana jure kwanaki bai lalace ba. Duk da haka duniya ba ta waiwaye shi ba sai kwanan nan. Ya isa Niyu Zilan, daga can ya shiga Japan a tsakiyar shekarun 1980, Japanawa suka rungume shi, sannan ya bazu Koriya da Sin da Filifin. Manoma 'yan asalin Japan ne suka fara noma shi don kasuwa a jihar Sao Paulo ta Brazil wajen 1990. A Sin lardin Yunnan ne cibiyarsa, ƙasar tuddai mai sanyi-sanyi, kuma daga irin waɗannan wurare ake loda shi zuwa kasuwannin birane kamar wanda Alhaji ya saya.

Na kawo wannan tarihin ne don ki lura da abu ɗaya: wuraren da ya fi yin albarka tudu ne, ko ƙasa mai sassaucin zafi. Ya fi jin daɗi tsakanin digiri 18 zuwa 25 a ma'aunin Salshiyas. Yana iya jure zafin rana mai tsanani matuƙar ƙasa tana da laima, amma jurewa daban, yin saiwa daban. Inda dare ba ya sanyi, sai ya yi ta ganye da tsawo, a tona a tarar da 'yan siraran saiwoyi. Sanyin da yake daskarar da raɓa shi kuma yana ƙone ganyen ƙurmus, shi ne damuwar masu lambu a Turai, mu nan ba ruwanmu da shi. Yana buƙatar wata shida zuwa bakwai a ƙasa kafin ya ƙosa, a can ƙololuwar tsaunuka ma yakan kai shekara, kuma duk tsawon wannan lokaci ba ya son ƙishirwa.

To ki ɗora wannan a kan Jos. Kuna kan tudu mai kimanin mita 1,200, damina tana sauka tun Afrilu ta kai Oktoba, dare da sanyi ko a bazara. In dai ana neman wurin da ya dace da yakon a Najeriya, ke kina zaune a kansa. Ma'aunin da nake ba mutane mai sauƙi ne: duk inda dankalin Turawa yake yi da damina, kamar Bokkos da Mangu da Pankshin, ko tsaunin Mambila wajen Gembu, ko Ngaundare a Kamaru, nan ne ya cancanci a gwada shi da kyakkyawan zato. Mutanen Kano da Sakkwato da Maraɗi kuwa lissafinsu ya fi wuya. Sanyinsu daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu, wata huɗu, shukar kuma tana neman bakwai, ga zafin Afrilu da yake taɓa digiri 40. Wanda ya nace a can, shawarata ya dasa wajen ƙarshen damina, a Agusta ko farkon Satumba, ya riƙe shi da ban-ruwa cikin hunturu, a wurin da inuwar bishiya ko katanga take sauka da azahar, ya tone kafin zafin Maris ya kankama. Ya yi shi don sha'awa, gindi biyu ko uku, kada ya sa jari.

Samun irin shi ne babban aiki, ya fi noman kansa wuya. Abin da za ki nema shi ne gutsuren dunƙulen gindi mai idanu, ko ƙaramin dashe da aka riga aka tsirar a tukunya. Masu sayar da dashe a Turai da Asiya suna da shi. Sai dai akwai doka: shigo da ɗanyen tsiro ko iri Najeriya sai da izinin hukumar killace kayan gona, wato NAQS, tare da takardar shaidar lafiyar tsiro daga ƙasar da ya fito. Kada a ɗauki wannan a matsayin wahalar da mutane kawai. Duk shukar da ake yaɗawa da gutsuren jiki tana tafe da cutar uwarta, ƙasar da ta manne a saiwa kuma tana ɗauke da abin da ido ba ya gani, ku kuwa a Filato arzikin dubban gidaje a kan dankali yake. Ki gaya wa Alhaji ya bi ta hanya, kuma iri ya zo a wanke, ba ƙasa a jikinsa. Gutsure biyu ko uku sun isa. Gindi guda in ya yi kyau zai ba ki dunƙulen da za a raba biyar zuwa goma a shekara mai zuwa, har ki ba maƙwabta.

In ya zo hannunki, ki sa wuƙa mai kaifi, wankakkiya, ki raba dunƙulen gida-gida, kowane yanki kamar girman ƙwan kaza, da ido biyu ko uku a jikinsa. Ki barbaɗa tokar murhu a wurin yankan, ki ajiye a inuwa kwana ɗaya ko biyu bakin ya bushe. Duk yankin da kika ga ya yi laushi ko baƙi, ki yar. Ni na fi son a fara tsirar da su a tukunya ko ledar dashe tun Maris, a inuwa, ana ɗan yayyafa ruwa, domin gutsuren da bai yi saiwa ba in ya zauna cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa ruɓewa yake yi kafin ya farka. Idan ya fitar da ganye huɗu zuwa shida, ruwan sama kuma ya zauna, wajen ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu, sai a mayar da shi lambu. In kai tsaye za ki binne, zurfin yatsa ya isa, santimita 5 ko ɗan fiye, idanun suna kallon sama.

Ƙasa yana son mai laushi, mai zurfi, wadda ta sha taki, tana riƙe laima amma ruwa ba ya kwanciya a kanta. Jigawa zalla tana saurin bushewa, laka kuma tana shaƙe saiwar ta fito a murɗe. Unguwanni da yawa a Jos a kan tsofaffin filayen haƙar kuza suke, ƙasar ta daddage, ga tsakuwa. In haka taki take, ki haƙa da kyau, zurfin kamu guda, ki tsince duwatsu, ki cakuɗa da ruɓaɓɓen kashin shanu ko takin bola da ya huce, kamar bokiti guda ga kowane gindi. Ɗanyen kashin kaji kada ya kusance shi, yana ƙona saiwa. Sannan ki tayar da kunya mai tudu sosai, irin ta doya. Wannan kunyar ita ce za ta cece ki a Yuli da Agusta, lokacin da ruwan Jos yake kwana yana zuba, domin saiwar da kusan dukkanta ruwa ce ba ta jure kwana biyu cikin taɓo.

Ki ba shi fili. Mutane suna ganin ɗan gutsure a hannu sai su jera su kusa-kusa kamar albasa, alhali abin da zai fito ya fi mutum tsawo, yakan kai mita biyu ko ya wuce, da kara da yawa daga gindi ɗaya, ganyensa faffaɗa, mai kusurwa uku, mai laushin gashi, wani ya fi tafin hannu biyu a haɗe. Ki bar santimita 80 zuwa mita guda tsakanin gindi da gindi, babban taku guda ke nan. Ki kuma sa shi a gefen da inuwarsa ba za ta rufe miki tumatir da attaruhu ba. Wadda ba ta da fili tana iya yi a rabin duro da aka huda ƙasansa, gindi ɗaya tak, sai dai ban-ruwan zai ninka kuma amfanin ba zai kai na ƙasa ba.

Wata biyun farko zai gwada haƙurinki. Yana zaune ne kawai, 'yan ganye kaɗan, kamar ya fasa. A nan ciyawa take cin galabarsa, don haka ki dage da cirewa da hannu, ki guji sa fartanya kusa da gindi. Daga wata na uku sai ya miƙe gaba ɗaya, ganyen ya rufe ƙasa, ciyawa ta mutu da kanta. Idan ya kai gwiwa ki tara masa ƙasa a gindi, ki shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa a kan kunyar don laima ta zauna, amma ki riƙa ɗagawa kina dubawa saboda gara. Karan yana da gautsi, iskar hadari tana kwantar da shi, to ki kafa sanda ki ɗaure shi sako-sako da tsumma. In ƙanƙara ta sauka ta yayyaga ganyen, kamar yadda takan yi a Filato, kada hankalinki ya tashi, zai sake wasu.

Maganar taki, a nan masu son shukarsu suke cutar da ita. An ga ganye kore shar, sai a ƙara yuriya don ya ƙara kyau. Zai ƙara kyau kuwa, amma a sama. Takin da ya cika sinadarin ganye yana sa shukar ta manta da saiwa, wadda ta yi ma ta riƙa tsagewa. In kin zuba takin gargajiya da kyau tun farko, ya wadatar. In ƙasar ta gaji sosai, ɗan cokali biyu na NPK a kewaye da gindi, nesa da kara, sau ɗaya bayan wata guda da dashe, sai ɗan toka daga baya. Yuriya ki bar wa masara.

Ruwa shi ne abin da ba a wasa da shi, musamman daga Satumba zuwa Nuwamba, domin a ƙarshen rayuwarsa ne saiwar take cika. Matsalar ita ce daidai lokacin ne ruwan sama yake ɗaukewa a Jos, iskar hunturu ta fara busawa. Wanda ya bar shi ga Allah-ya-kawo a Oktoba zai yi asarar rabin wahalarsa. Ki ci gaba da ban-ruwa, mai ratsa ƙasa, sau biyu ko uku a mako gwargwadon yadda ƙasarki take bushewa. Abin da yake fasa saiwa shi ne a bar ƙasa ta bushe ƙamas sannan a kwarara mata ruwa lokaci guda: cikin ya kumbura da sauri, fata ta kasa bi, ta dare. Za ki ga ganyen ya yi laushi ya sunkuya da tsakar rana ko da ƙasa da laima. Wannan halinsa ne, faɗin ganye ne ya jawo. Ki tura yatsa cikin ƙasa ki ji. In da yamma ya miƙe, lafiya lau. In har gari ya waye yana sunkuye, ko dai ƙishirwa ce ta gaske, ko saiwa ta fara ruɓewa saboda ruwa ya yi yawa, yatsan ne zai gaya miki wanne.

Ƙwari ba su cika damunsa ba, gashin ganyen da ɗacinsa suna korar da yawa. Farin ƙuda yakan zauna a bayan ganye, tsutsa takan huda nan da can, ba abin da zai sa ki ɗauko feshi. Abokan gabarsa a ƙasa suke. Akwai ƙananan tsutsotsin nan da ba a gani da ido, masu sa saiwar tumatir da kuɓewa ta yi ƙuraje, to kada ki dasa shi inda kika taɓa tumɓuke tumatir kika ga haka. Sai ɓera da gafiya, waɗanda in suka ɗanɗana zaƙin sai sun riga ki girbi. Awaki kuma, kin san hali, a gyara shinge.

Alamar ƙosawa ita ce fure ya fito ya bushe, ganyen ƙasa ya fara rawaya, kara ya fara sanƙarewa. Wanda aka dasa a Mayu, wajen ƙarshen Nuwamba zuwa Disamba ke nan. Kafin ki tone duka, ki sa hannu ki yaye ƙasa a gefen gindi ɗaya ki ga girman abin da ke ciki. In bai kai ba ki mayar da ƙasar ki ƙara masa mako biyu ko uku.

Ranar tono a yi a hankali, don a nan ake ɓarnar da ta fi ciwo. Saiwar yakon tana karyewa ƙaras, fatarta siririya ce, ko farce yana yi mata rauni, wadda ta ji rauni kuma ba ta ajiyuwa. Ki jiƙa ƙasar tun daren jiya. Ki sare karan ki bar kamar taƙi guda a sama don riƙewa. A fara haƙa daga nesa, rabin mita daga gindi, a kewaye shi, a shiga ta ƙarƙashi da shebur a ɗaga gaba ɗaya, mutum biyu in da hali. Kada a kama kara a fizge. Idan ya fito za ki ga saiwoyin sun yi cirko-cirko kewaye da dunƙulen, sai ki riƙa murɗe su ɗaya-ɗaya daga wuya ko ki yanke da wuƙa. Gindi mai lafiya yakan ba da kilo biyu zuwa huɗu, wanda ya samu gata sosai yana wuce haka nesa. Waɗanda suka karye a fara cinye su. Sauran kada a wanke, a bar ƙasar ta bushe a kakkaɓe.

Kada ki yi mamaki in kin gutsura a ranar kika ji salam, ruwa-ruwa, ba kamar na Alhaji ba. Nasa ya yi makonni a hanya. Ki shimfiɗa su a rana kwana uku zuwa mako guda, ko a inuwa mai iska mako biyu, har fatar ta ɗan yamutse. Sai ki fere, ki cire fatar duka don tana da ɗaci-ɗacin ƙaro, ki ji yadda zaƙin ya fito, ga garas-garas a baki. Cikin yakan zama fari ko ruwan ɗorawa ko ruwan lemo, gwargwadon nau'i. Da an yanka yake fara yin duhu, to a matsa masa lemon tsami. Ana cinsa haka nan, ana yanka shi cikin kwaɗon latas da kabeji, ana markaɗawa da citta a sha, in an soya shi sama-sama da kayan lambu ma ba ya narkewa. A Peru, musamman wajen Oxapampa, ana tatse ruwansa a dafa har ya yi kauri ya koma baƙin zuma-zuma, shi ne ake sayarwa da tsada a kantunan Turai da Amurka. A ɗaki mai sanyi da duhu, waɗanda ba su da rauni sukan yi wata ɗaya zuwa biyu, sai dai iskar hunturu tana zuƙe su, don haka a sa su a kwali a lulluɓe da takarda ko busasshen yashi.

Dunƙulen gindin kuma, shi ne dukiyar. Turawa suna ɓoye shi ne daga ƙanƙara, ke kuwa daga bushewa za ki ɓoye shi, domin tsakanin Disamba da Afrilu in aka bar shi a fili zai ƙafe ya zama itace. Kada ki raba shi tun yanzu. Ki sa shi ɗungurungum cikin baho ko kwando, ki rufe da yashi ko garin katako mai ɗan danshi, irin wanda in kin damƙa ba ya ɗiga, ki ajiye a wuri mafi sanyi a gidan, ki riƙa dubawa duk mako biyu kina yayyafa ruwa kaɗan. Ba ya dogon barci, yana iya fara toho tun Fabrairu. In ya yi haka ki raba shi ki sa a tukwane, ki riƙe su a inuwa har damina. Wata hanyar ita ce ki mayar da shi ƙasa nan take a wani lungu mai inuwa kusa da inda ake wanke-wanke, in dai ba ruwan sabulu ne yake bi ta wurin ba. Sannan ga dashen kara da na ambata: tun shukar tana ɗanya, kafin ta yi fure, ki yanko reshe mai gaɓa biyu ko uku, ki rage ganyen, ki soke gaɓa ɗaya cikin yashi mai laima a inuwa. Cikin 'yan makonni zai yi saiwa. Wannan ita ce hanyar da za ki ninka iri da sauri a shekarar farko, kuma in gara ko ruɓa ta cinye dunƙulen ba ki tashi a tutar babu ba.

Saura maganar Mama. Abin da ya sa ake danganta yakon da ciwon suga gaskiya ne, amma an ƙara masa gishiri. Dankali da rogo da doya sitaci suke tarawa, wanda jiki yake mayarwa suga. Yakon ba ya tara sitaci. Kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na saiwar ruwa ne, abin da ya rage kuma mafi yawansa wani nau'in zaƙi ne da masana suke taƙaita sunansa da FOS, wanda harshe yana jin daɗinsa amma hanjinmu ba ya iya narkar da shi. Yana wucewa har babban hanji, ƙwayoyin halitta masu amfani da ke can su ci. Saboda haka ba ya ɗaga sugan jini kamar rake ko dabino, kuma yana sassauta bayan gida. Wani bincike da aka yi a Tucumán ta Ajantina, aka wallafa a 2009, ya ba mata masu ƙiba ruwan yakon da aka dafa na tsawon kwana 120, aka ga nauyinsu ya ragu kuma jikinsu ya fi amsa insulin, wato sinadarin da yake daidaita suga a jini. Amma mutanen kaɗan ne, kuma ba masu ciwon suga aka gwada ba. A wannan binciken ma, waɗanda aka ninka wa adadin sun yi fama da kumburin ciki da iska da gudawa.

Ga kuma abin da masu talla ba sa faɗa: shanyawar nan da take ƙara zaƙi, abin da take yi shi ne farfasa FOS ɗin ya koma suga na gama-gari, irin wanda yake shiga jini. Wato wanda ya fi daɗi a baki shi ne ya fi rashin dacewa da Mama. In za ta ci, a ba ta sabon tono, ko wanda aka ajiye a firji tun ranar da aka tone, yanka biyu ko uku a fara, a ga yadda cikinta zai karɓa, in akwai na'urar gwaji a gida a auna bayan awa biyu. Abin marmari ne da ya fi mata wasu, iyakarsa ke nan. Kada ta ajiye ƙwaya ko allurar da likita ya ɗora ta a kai saboda shi, kuma a gaya wa likitan in za ta riƙa ci a kai a kai.

Ganyen ne nake so ki yi nesa da shi. A Japan da Brazil ana busar da shi a yi shayi da sunan rage suga, kuma in shukarki ta yi kyau za a samu mai ba ki wannan shawara. Masu bincike a Brazil sun ba ɓeraye ruwan ganyen na tsawon lokaci, suka tarar ya lalata musu ƙoda, sinadaran ɗacin da ke korar ƙwari su ne ake zargi. Mai ciwon suga dama ƙodarsa a kan siraɗi take. Idan kin sare karan ranar tono, ki daddatsa shi da ganyen ki zuba a ramin taki, zai yi miki amfani a kunyar baɗi.